Haƙƙin da Na Yafe Ba Nawa Ba Ne

A gidaje da yawa a ƙasar nan, katin cire kuɗin tsoho ba ya kwana a aljihun mai shi. Yana hannun ɗa, ko jika, ko ɗan ƙani, haɗe da lambar sirrin da banki ya ce kada a gaya wa kowa. Ba kullum ne sakaci ke jawo haka ba. Ido ya yi rauni, ƙafa ba ta jure tsayuwar layi, dole a aiki wani. Yawancin waɗanda ake aika suna riƙe amana, Allah ya saka musu da alheri. Akwai kuma waɗanda ba sa riƙewa, kuma ƙanena ya taɓa zama ɗaya daga cikinsu. Laifinsa nasa ne, ya amsa shi, yana kan biya. Nawa laifin nake son bayyanawa: na gano ana cin kuɗin mahaifina, na ɓoye masa, na yafe a madadinsa, na kuma bar katin a hannun da yake. A lokacin gani nake zumunci nake karewa.

Baba malamin firamare ne, ya yi ritaya yana hedimasta. Fanshonsa ba shi da yawa, amma idan aka haɗa da kuɗin hayar shagonsa ɗaya na bakin kasuwa da ɗan abin da muke turowa, yana riƙe gidansa ba tare da ya roƙi kowa ba, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Har ƙarshen 2022 da ƙafarsa yake zuwa banki. Sai canjin kuɗi ya zo. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin suka yi wuyar samu. Kowa ya san abin da aka sha a farkon 2023: mutane na sammako bakin ATM tun kafin asuba, masu POS na sayar da naira da naira. Tsoho mai hawan jini da yanar ido ba zai shiga wannan turmutsutsu ba. Ni ina aiki a Kaduna, ƙannena mata suna ɗakunansu, Autanmu ne kaɗai a gida. Ni da bakina na ce wa Baba a waya ya miƙa masa katin. Da wahalar ta wuce, babu wanda ya tuna a karɓo. Wayar Baba ma, wadda saƙon banki ke shigowa cikinta, Auta ne ke karanta masa.

Bayan damina na je gida don mu shirya maganar aikin idonsa. Baba ya ce mu fara biyawa banki, yana son ya san nawa ya tara kafin a ga likita. Ya sa hannu aka bugo masa takardar shige da ficen kuɗin asusunsa. Ya ɗaga ta kusa da fuskarsa, ya matsar da ita nesa, sannan ya miƙo mini ya ce, "Duba mini, wannan ƙananan rubutun sun fi ƙarfin idona. Nawa ya rage?"

Na bi layukan da yatsa. Naira 5,000, naira 10,000, naira 20,000, wasu a rana ɗaya sau biyu, wasu da tsakar dare lokacin da Baba ya daɗe da barci. Da yawa ba cirewa aka yi ba, turawa aka yi zuwa kamfanonin cacar ƙwallo. Abin da ya rage bai kai rubu'in abin da ya kamata ba. Baba na zaune kusa da ni da sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, yana jira. Na ninke takardar na sa a aljihu na ce, "Kuɗin na nan, Baba." Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙe.

A daren na tare Auta a zaure. Bai musa ba. Ya ce da ɗan kaɗan ya fara, da niyyar in ya ci ya mayar kafin kowa ya sani, da ya faɗi sai ya ƙara don ya fanso na baya, har abin ya fi ƙarfinsa. Ya durƙusa yana kuka: "Yaya, don Allah ka rufa mini asiri. In Baba ya ji, jininsa zai hau." Na yi masa faɗa mai zafi, na sa ya yi alkawari. Daga nan na ce, "Zan cike gurbin. Ka ɗauka rance ne, in Allah ya hore maka ka biya ni." Na ci bashi a wurin aiki na mayar da kuɗin. Katin kuwa ban karɓa ba, domin in na karɓa dole in gaya wa Baba dalili.

Yanzu na san abin da ya sa na yi haka. A kaina hanya biyu ce kawai: ko shiru, ko 'yan sanda. Na hango ƙanena a bayan kanta, na hango unguwa tana cewa ɗan fari ya ɗaure ɗan uwansa saboda kuɗi, na tuna maganar manya cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tunda ba zan iya ta biyu ba, sai na ɗauki ta farko. Ban tambayi kowa ko akwai wata hanya a tsakani ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Na fara kallon Baba a matsayin wanda ake lallaɓawa, ba wanda ake shawara da shi ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana riƙe makaranta da malamanta da kuɗinta, na yanke cewa ba zai iya jin gaskiya game da asusunsa ba.

Alkawarin Auta bai daɗe ba. Mai caca da ya ga an cike rami ba tare da ya sha wuya ba, darasin da ya koya shi ne akwai mai cikewa. Wannan karon bai tsaya kan abin da ke cikin asusun ba. Yana da wayar Baba, yana da lambar sirri, sai ya karɓi irin rancen nan na gaggawa da ake samu ta danna lambobi a waya, da sunan Baba. Fansho na shiga, sai a zare kason biyan bashi. Baba ya fara lura kuɗin cefane ba sa kaiwa ƙarshen wata. Da ya tambaya, Auta ya ce yaron POS na bakin layi ne: wai cajinsa ya yi yawa, wai wani lokaci na'urarsa na cire kuɗi ta ƙi biya. Baba ya yarda. Ya daina amsa gaisuwar yaron, ya kuma faɗa a majalisa bayan la'asar cewa a yi hattara da shi. Maganar tsohon hedimasta tana da nauyi a unguwa. Mutane suka janye daga rumfar yaron.

Shi kuma Baba, da yake ba ya roƙo, sai ya fara tsimin maganin hawan jininsa, yau ya sha gobe ya tsallake. Wata Juma'a jiri ya kwashe shi a masallaci aka kai shi asibiti. Ƙanwata ce ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a fakiti ta ga ba su yi daidai da kwanaki ba. Ta kira ni tana tambaya ina kuɗin Baba ke tafiya. Abin da na ji tsoron gaskiya za ta jawo, shiruna ne ya jawo shi.

Da aka sallamo shi ya ɗan murmure, na zauna a gabansa na fito da takardar nan da na ninke, na karanta masa ita layi-layi, na gaya masa abin da na yi. Ya daɗe bai ce komai ba. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kiran sunana. Ya ce, "Malam, shi yaro ne, ya ci amanata, wannan tsakanina da shi ne. Kai da wace hujja ka yafe abin da ba naka ba? Mutuwa na yi, ko hankalina ne ya gushe?" Ba ni da amsa. Sai ya ƙara da cewa, "Ka sa na ɗauki alhakin ɗan mutane." Wannan ta fi komai yi mini ciwo, domin gaskiya ce.

A makon ne na je wurin wani lauya da muka yi makaranta tare, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Abin da na koya a wurinsa shi ne babban dalilin wannan rubutu, don na tabbata akwai masu yin shiru a yau saboda irin jahilcin da na yi.

Matakin farko ba kotu ba ne, banki ne, kuma ranar da aka gane ake ɗaukarsa. A toshe katin, ko ta lambar da banki ya tanada a danna a waya, ko a reshe. A sauya lambar sirrin kati da ta tura kuɗi ta waya. A karɓe layin wayar da ke haɗe da asusun, domin wanda ke riƙe da layin ya fi mai riƙe da kati iko. Mai asusun ya nemi cikakkiyar takardar shige da fice mai hatimin banki, ya kuma tambaya ko akwai bashin da aka ci da sunansa. Sannan ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya karɓi lambar ƙorafin. A nan akwai gaskiya mai ɗaci: idan mai kati da kansa ya ba wani lambar sirrinsa, da wuya banki ya mayar da ko sisi, don sharaɗin da aka sa wa hannu ya hana bayarwa. Amma idan an sauya lambar wayar asusun ba da saninsa ba, ko an ƙirƙiri sa hannunsa, ko wani ya yi sojan gona aka biya shi ba tare da tantancewa ba, to banki na da tambayar da zai amsa. In bai warware ƙorafin ba cikin wa'adin da aka ba shi, wanda yawanci mako biyu ne, ana iya ɗaga maganar zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Mataki na biyu sulhu ne, amma sulhu na takarda, ba irin nawa na zaure da tsakar dare ba. Mai laifi ya yi iƙirari a gaban shaidu, a rubuta adadin kuɗin, a rubuta nawa zai riƙa biya da kuma yaushe, a rubuta abin da zai biyo baya in ya saɓa, kowa ya sa hannu. Ana iya yi a gaban liman da mai unguwa da dattawan dangi. A Kano, Hukumar Hisbah da aka kafa a 2003 tana zaman sasanta rigingimun iyali. Manyan kotunan Legas da Abuja da Kano kuma suna da zauren sulhu a ƙarƙashinsu, inda yarjejeniyar da aka cimma, in alƙali ya sa mata hannu, take zama hukuncin da za a iya tilasta aiwatarwa. Babu wanda aka kama, babu wanda aka tozarta, amma magana ta fita daga alkawarin baka.

Mataki na uku ƙarar neman haƙƙi ce, a kotun shari'ar Musulunci ko a kotun da ke sauraron ƙananan basussuka. Abin da ake nema a nan kuɗi ne, ba ɗauri ba. Fiƙihu ya fayyace wannan babi sarai. Wanda aka ba amana, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba a bin sa; in ya ƙetare iyakar abin da aka aike shi, dole ya biya. In ya ce kyauta aka yi masa alhali mai dukiya ya musa, shi zai kawo hujja. Maganar nan da ake yawan ji, "ai kuɗin babanmu ne," ba ta da gindi a gaban alƙali, domin ba a gadon mai rai. In kuma uban ya rasu ba a biya ba kuma bai yafe ba, bashin na shiga cikin dukiyar da za a raba, a cire shi daga rabon wanda ya ci.

Mataki na huɗu shi ne na laifi, wanda na ɗauka shi kaɗai ne doka. Kundin hukunta laifuffuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya bayyana cin amana a sashe na 311, sashe na 312 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 78 ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya. Wasu jihohi, irin su Kaduna a 2017, sun sabunta nasu kundin, lambobin sassan sun sauya, laifin kuwa yana nan. Akwai kuma dokar tarayya ta laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashenta na 33 ya yi magana kai tsaye kan amfani da katin banki don samun kuɗi ko kaya da niyyar zamba, ya tanadi ɗauri ko tara, tare da biyan mai katin asarar da ya yi, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a. Ana iya farawa da kai rahoto ga 'yan sanda, a jihohin Arewa kuma an saba da shigar da ƙorafi kai tsaye gaban majistare. Lauyan ya gargaɗe ni da abu biyu. Na ɗaya, in hukuma ta karɓi shari'ar laifi, janye ta ba ya hannun mai ƙorafi shi kaɗai, don haka a yi tunani kafin a shiga. Na biyu, ranar da na ce wa Auta ya ɗauka rance ne, na gurɓata maganar da kaina. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rigimar bashi kawai, kuma da an je kotu, maganata ce za ta zama garkuwarsa.

Sai tambayar da ta fi duka: wa ke da ikon zaɓar mataki? Muddin tsoho na cikin hankalinsa, shi ne, ba 'ya'yansa ba. Shi zai yi ƙara, shi zai yafe, shi zai wakilta wanda ya ga dama da takardar wakilci. In kuwa ruɗewar tsufa ta kama shi har ba ya iya lura da dukiyarsa, ba wanda ya riga kowa kai hannu kan kati ne ke zama mai kula ba. Ana zuwa gaban alƙali da shaidar likita, shi ya naɗa amintacce da zai riƙe dukiyar kuma a iya tuhumarsa a kanta, kamar yadda malaman fiƙihu suka tsara a babin hana mai rauni tasarrufi. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda ke aiki tun 1976 kuma tana da ofisoshi a jihohi.

Na koma na jera wa Baba waɗannan hanyoyi duka, ban rage ko ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayoyi, ya kwana a kai. Ya zaɓi sulhu na takarda. Aka kira liman da mai unguwa da Kawu, ƙanin mahaifiyarmu. Baba da kansa ya faɗi abin da za a rubuta. Auta ya amsa laifinsa da bakinsa a gabansu, aka ƙayyade abin da zai riƙa sakawa a asusun Baba duk wata daga abin da yake samu a tuƙin adaidaita sahu, aka rubuta cewa in ya saɓa ba tare da uzuri ba za a kai takardar gaban alƙali. Baba ya yafe wani kaso, ya ce sauran sai an biya, ba don yana matse da kuɗin ba, sai don yaron ya ji nauyin abin da ya ɗauka. Bashin banki muka haɗu muka biya, wannan karon da saninsa. Aka buɗe ƙaramin asusu na cefane wanda ake zuba masa abin da zai isa wata, katinsa ne kawai ke fita daga gida. Babban asusun ba shi da kati, sai Baba ya je da kansa. Duk ƙarshen wata ana karanta masa takardar banki, kuma mai karantawa ba ya zama mai riƙe da kati. Da aka yi masa aikin ido, ya koma karantawa da kansa.

Saura yaron POS. Baba ya ce in raka shi, tunda ni ne silar abin. Ya tsaya a gaban rumfar, mutane na kallo, ya ce, "Yaro, na zalunce ka, na faɗi abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini." Ni ma na nemi gafararsa, na gaya masa da na yi magana tun farko da sunansa bai shigo ciki ba. Ya ce, "Baba, ba komai, Allah ya yafe mana." Baba ya maimaita maganar a majalisar da ya ɓata shi. Amma cinikin da ya rasa a watannin nan da kallon da aka yi masa, babu wanda ya mayar masa da su, kuma ina cikin waɗanda za a tambaya.

Ban daina ganin rufin asiri a matsayin alheri ba. Har yau babu wanda ya kai Auta gaban hukuma, kuma ina gode wa Allah da hakan. Abin da na gane shi ne ana rufa wa mai laifi asiri daga idon duniya, ba a rufe laifin daga wanda aka cuta. In an yi haka, an haɗa kai da mai cutar ne, ko da da kyakkyawar niyya. Na kuma gane cewa sanin doka bai raba gidanmu ba. Takardar da aka sa wa hannu ce ta tsayar da Auta a inda faɗana da kukansa suka kasa, domin ya san akwai mataki na gaba kuma Baba ba zai ji kunyar ɗaukarsa ba.

Duk wanda ya gano ɗan uwansa na taɓa kuɗin iyayensu, kada ya jira. Ya sa a toshe katin a ranar, ya karɓe layin wayar, ya adana takardar banki. Sannan ya zauna gaban mai dukiyar ya gaya masa gaskiya da lafazi mai taushi, ya jera masa hanyoyin da addini da doka suka ba shi, ya bar shi ya zaɓa. Tsufa na rage wa mutum gani da ƙarfi, amma ba ya cire masa haƙƙin sanin abin da ake yi da guminsa, kuma ɗan da ya ƙwace wannan haƙƙin da sunan tausayi shi ma ya ci amana.